Gaisuwar da Na Yi wa Kakata

Ubana mutumin Norway ne. Haƙar rijiyar burtsatse ta kawo shi ƙasarmu, ya musulunta, ya auri innata, zazzaɓi ya ɗauke shi ina rarrafe. Abin da ya bar mini shi ne jar fatar nan da ta sa yara suka yi ta kirana zabiya.

Ina Riyad ta Saudiyya, ina jigilar kayan gwari daga kasuwar Aziziya, sai ƙanwarsa ta gano ni ta waya. Da Turanci gwaggon nan tawa ta ce uwarsu tana raye a gidan tsofaffi, tsufa ya kwashe mata Turanci, sai yarensu kawai. Tsohuwar ce ta ƙi auren iyayena, ko gaisuwar mutuwa ba ta aiko ba. Yanzu kuma so take ta ga fuskar jikanta.

Zuwa bai taso ba, fasfona yana hannun kafil, wato ubangidan da nake wa aiki. Sai na kama koyon yaren a waya, cikin cunkoson motoci, ina maimaitawa ina zufa. Abokin ɗakina, wani ɗan Maraɗi, ya ce, "Bature, wallahi kamar mai kurkure baki. Kira ta kawai, khalas!" Na ƙi. Ba a zuwa gaban babba da rabin gaisuwa, ko da babban ya ɓata maka.

Ranar da na kira, bayan la'asar ne, a bayan kasuwa. Na sa kaftani da sabuwar hula, na jingine wayar a kan kwalin tumatir. Da hoton ya buɗe, na durƙusa na sunkuyar da kai, yadda inna ta koya mini. Na tambaye ta kwana, da jiki, da sanyi, da mutanen gida, duk da yarenta, ban yi tuntuɓe ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Da wata 'yar siririyar murya ta ce in dube ta. Na gane sarai. Amma a wurinmu in babba ya ce "tashi mana", ƙara duƙawa ake yi. Ta sake faɗa, na ƙara sunkuyawa. Hannayenta kawai na saci kallo, a kan bargo. Can mai jinyarta ta ce tsohuwar ta gaji.

Ba a rufa wata ba gwaggo ta kira, ta ce an binne tsohuwar. Na tambaya ko ta ji daɗin gaisuwar. Gwaggo ta ce saman hulata kawai tsohuwar ta gani. Ta yi ta gaya wa masu jinya cewa yaron bai yafe mata ba, ko kallonta ya ƙi yi.

Har yau abin yana cin raina. Na yafe mata tun kafin in kira. Har yadda ake cewa "na yafe miki" da yarenta na haddace, na ajiye shi sai kira na biyu.