Ƙwaryar da Hamman Ya Fasa

Hamman bai taɓa tambayar matarsa ko ta gaji ba. Shekara talatin da ɗoriya suna tare da Furera, kuma a ganinsa irin wannan tambaya raini ce. Da damina suna zaune a rugarsu bayan Yako, yana noma gero da 'yar dawa. In an gama girbi, shanu sun cinye karan gonaki, rafi ya fara janyewa, sai a ɗaure kaya a nufi gindin duwatsun Doguwa, inda ciyawa ke daɗewa ba ta bushe ba. Tafiyar kwana biyar ce ta burtali. Tabarmi da tukwane da turmi da sandunan bukka duk a bayan takarkarai suke tafiya. Ƙoran nonon Furera kuwa takarkarinsu daban, wani tsohon farin sa mai sanyin hali. Ita ke ɗaure su, ita ke jan igiyar, kuma ita ce a gaba.

A kakar 1955 gwiwarta ta hagu ta kumbura. Ba ta faɗa ba. Sai dai in ta tsuguna tatsa, ba ta miƙewa sai ta ga ba mai kallonta.

Kowa a rugar ya san abin da ake yi da macen da ƙafarta ta gaza. Takan miƙa ƙoranta ga surukarta, a kai ta cikin gari wurin dangi, ta jira dawowar shanu. Tasalla, autarsu da ke aure a Dangora, ta zo da kanta ta ce ta riga ta share wa Inna ɗaki. Adamu, ɗansu na fari, ya ce hakan ya fi. Furera ta ce, "To."

Daga baya mutane sun riƙa yabon Hamman da tausayi. Akwai tausayin, amma rabinsa na kansa ne. Ya tuna an bar mahaifiyarsa haka a Kiru, aka dawo da ruwan farko aka tarar da kushewa. Ban da wannan ma, mutum ne da furar wani hannu ba ta shigar masa, kuma bai san yadda gari zai waye a mashekari ba tare da muryar Furera tana faɗa da maruƙa ba. Tsoron zama shi kaɗai a tsakiyar 'ya'yansa yake yi, abin da ba zai iya faɗa wa kowa ba.

Ran kasuwar Dangora ya je wurin Ɗanmaraya kafinta, wanda ke haɗa keken shanu da ƙafafun tsofaffin motocin gyaɗa. Ɗanmaraya Babarbare ne ta wajen uba, don haka ba ya ganin Bafillatani ya ƙyale shi.

"A'a, bawana ne da rana tsaka? Ka kawo mini nonon safe, ko gaisuwa ce ta baki?"

"Ka ci gidanku," in ji Hamman. "Kaya sun yi mana yawa. Abin ɗauka nake so."

Ɗanmaraya ya nuna masa abu biyu. Na farko wasu katakai ne haɗe kamar ƙaramin gado, ana ɗora su bisa akumari a bayan takarkari, a jera kaya a ɗaure. "Wannan ne naka. Duk inda sa ya sa ƙafa, ya wuce. Burtali, rafi, dutse. Keke kuwa na manoma ne. Sai ka bi hanyar mota ta Tudun Wada, kwana biyar ɗinka su koma bakwai, kuma 'yan'uwanka su yi maka dariya har ka mutu."

Hamman ya ɗaga katakan, ya jinjina, ya yaba. Sannan ya zagaya bayan keken ya tsaya.

"Wannan yana da jijjiga?"

"In ka shimfiɗa ciyawa, da sauƙi."

"Ya yi tsawo. Ba a yi masa wurin taka ƙafa?"

"Ana yi."

"Rumfa fa? Ko ta tabarma ce."

Ɗanmaraya ya ajiye zarto ya dube shi. "Turmin naku ne ke tsoron rana, ko tukunya ce za ta hau da ƙafarta?"

Hamman ya juya yana kallon masu sayar da barkono.

"Wace ƙafar ce?" in ji kafintan, muryarsa ta sauka.

"Ta hagu."

"To, zan sa matakin ta inda za a fara da dama. Ka dawo kasuwa mai zuwa, bawana. Ban ji komai ba."

Wani bijimi ya bar garken a makon nan don biyan kuɗin keken, Adamu ya kwana biyu ba ya haɗa ido da ubansa. Da keken ya iso, shanun da suka yarda da karkiya biyu ne kawai, takarkarin turmi da farin san Furera. Matan rugar suka fito suna tafa hannu. Furera ta zagaya keken sau ɗaya, ta ga matakin, ta ga rumfar.

"Maigida, gyaɗa za mu fara kaiwa kanti?"

"Na kaya ne, Innar Tasalla." Haka yake kiranta, tunda ba a ambaton sunan ɗan fari.

"To, a ɗora kaya. Ni ƙafar da ta kai ni Doguwa sau talatin ba za a kai ta a kwance kamar buhu ba. Ɗakin Tasalla na nan."

Saura kwana uku a tashi, Furera ta je rugar maƙwabta barka. Hamman ya shiga bukkarta ya tsaya gaban ƙoran, abin da namiji ba ya taɓawa. Ya yi dabara, kuma a ransa dabara ce mai kyau: in ƙwarya ɗaya ta fashe a keken, dole a ce ƙorai ba sa tafiya sai da mai riƙo. Matar Adamu kuwa tana bin shanu ta burtali saboda tatsa. Ya duba sababbi masu zane, ya ji ba zai iya ba. Can ƙarshe ya ga wata baƙa, bakinta ya siɗe, an rufe ta da tsohon faifai. Ya ce wannan ai ta gama yayinta. Ya sa ta a keken ba ciyawa, ya kora shanun kan kunyoyin gonarsa da suka bushe. Ba a je ko'ina ba ya ji ƙarar.

Da ta dawo ya tarye ta da ƙwaryar a hannu, ta tsage tun daga baki har gindi.

"Kin gani? Gwadawa na yi. Keken nan fasa ƙorai yake, in ba mai riƙe su."

Furera ta karɓa da hannu biyu. Ta bi tsagin da babban yatsa. Ba ta yi faɗa ba. Matar Adamu ce ta raɗa masa daga baya: ƙwaryar mahaifiyar Furera ce, da ita aka kawo ta gidansa, kuma a cikinta ake kwantar da nonon da duk rugar ke yabo.

Kwana biyu ba ta ce masa uffan ba. Furarsa dai tana zuwa a kan lokaci. Ya ga ta aika wa gyartai da ƙwaryar, ta dawo da ɗinki kamar sawun tururuwa.

Ranar tashi, da hantsi, Tasalla ta iso da jaki don ta tafi da uwarta. An rushe bukkoki, shanu suna ta kuka, sun ji tafiya. Matar Adamu ta zo ta durƙusa tana jiran a miƙa mata ƙorai. Hamman yana ɗaure igiyar da ya riga ya ɗaure.

Furera ta fito da ƙoran a jere cikin ragarsu. Ta wuce surukarta. Ta shimfiɗa ciyawa a keken da kanta, ta jera su, ɗinkakkiyar a sama.

"Tasalla, koma gidan mijinki. Mazan gidan nan ba su san hannun ƙwarya ba. In na bar su, ko ludayi ba zai kai Doguwa ba."

"Inna, ƙafarki fa?"

"Da ƙafa ake riƙe ƙwarya?"

Ta taka matakin da ƙafar dama, ta hau, ba ta nemi hannun kowa ba, kuma Hamman ya san kada ya miƙa.

Adamu ya bi burtali da garke. Su biyu suka bi hanyar mota, shi a ƙasa yana jan farin sa, ita a ƙarƙashin rumfa. Tun da aka yi aurensu ba su taɓa yin tafiya su kaɗai ba. Sai da suka wuce Tudun Wada, duwatsu suka fara bayyana shuɗi-shuɗi, sannan ta yi magana.

"Ƙorai goma sha huɗu, ka rasa wadda za ka fasa sai ta Inna."

Ya ci gaba da tafiya. "Ita ce ta fi tsufa."

"Ka ga tsufa, ka ce ba ta da sauran amfani."

Hamman ya tsaya cak, shanun ma suka tsaya.

"Da ka tambaye ni," in ji ta, "akwai wata mai karkataccen gindi da na daɗe ina neman dalilin rabuwa da ita."

Ɗinkakkiyar ƙwaryar ba ta ƙara riƙe nono ba. Goronsa take ajiyewa a ciki, a rufe da ɗanyen ganye, kuma sau huɗu ta sake zuwa Doguwa a kan cinyarta.

A ranar dai, da suka gangara wani kwari, keken ya yi tsalle, ya ji ta ja numfashi. Ya waiwayo. Maganar ta fito kafin ya tare ta.

"Kin gaji?"

Ta dube shi kamar ya yi wani yare.

"Ina zaune, me zai gajiyar da ni? Kai dai ka dubi gabanka, ga wani ramin can."