Wutar Da Ba Ta Mutuwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano a Landiroba, mu uku: ni, direba, da wani injiniya ɗan Kudu da bai jima da dawowa daga Turai ba. Ba ya jin Hausa, ni ne tafinta, kuma aikin na gwaji ne. An gaya mini in muka dawo hannu rabbana, to in nemi wata sana'ar.

An turo shi ne ya duba inda ke da dutse mai ƙarfi da ruwa, ko wata rana a gina tashar lantarki ta nukiliya, sabon samfuri. Kwalta ta raka mu har Kazaure, inda muka karya da ƙosai da kunu. Daga nan zuwa Roni sai burji da ƙura. Mutumina ya sha furar Fulani, ya yi ta santi da Turanci.

A wani ƙauye kan hanyar Gwiwa na tafka ɓarnar. Muka zube gaban mai gari muna neman izinin hawa dutsensu. Injiniya ya yi bayani, ni kuwa da rawar kai na ce, "Ranka ya daɗe, gwamnati za ta kawo muku wutar da ba ta mutuwa."

Liman ya shiga neman tsari. Mai gari ya ce, "Malam, wutar da ba ta mutuwa guda ɗaya muka sani, kuma ba ma fata. Ku gaida gida."

Sai wani dattijo makiyayi, wanda ya taɓa jinya a asibitin birni, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, lantarki yake nufi. Irin ƙwan nan da ke rataye a sama."

Aka yi dariya har da tari. Dattijon da kansa ya hau da mu dutsen, ya nuna mana inda ruwa ba ya ƙafewa.

Da za mu tafi mai gari ya tambayi yaushe abin zai zo. Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai jikoki su gani. Mai gari ya ce, "Ba komai, rubuta garinmu. Amma lantarki za ka rubuta."

Mun dawo da buhun duwatsu, aikina ya tabbata. Na koyi auna kalma kafin in sake ta. Abin da ke damuna, ban tambayi sunan dattijon nan ba, ga shi kullum ina sa shi a addu'a.