Gorar Ruwa a Ɗakin Wankin Ƙoda

Na rako maƙwabcina wankin ƙoda, sai ga wani tsoho ya hau sikeli, gorar ruwa ta suɓuto daga aljihunsa har ƙafar nas. Tsohon ga bututu a wuya, ƙafafu a kumbure, hannaye kamar na mai haƙar rijiya.

Nas ta ce, "Baba, satinka biyu da farawa, ga suga, ga shekaru. Ruwa in ya taru a ƙirji kisa yake yi."

Na ce, "Baba, yau dubu ta cika!"

Ya karɓi gorar yana shafawa, ko murfin ba a fasa ba. "Sha aka hana ni, ɗan nan, ba kallo ba. Kai da kake sha, me ya ƙara maka ban da surutu?"