Kujerar Maƙwabciyar Goggo

Goggo yayar babana ce, kuma mai kitso ce, amma ba irin masu shago ba, gida-gida take bi. Tun ina ƙarama na san ta da 'yar jakarta a hammata, a ciki akwai mataji da kwalbar mai da kibiyar da take tsaga gashi da ita, shi ke nan. Ba ta taɓa ɗaukar abin zama ba. Duk gidan da take shiga akwai kujera 'yar tsuguno da ake ajiye mata a bayan ƙofa, yaran gidan ma sun san ba a hawa. Za ta zauna ta ware ƙafafu, mai kai ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, sai aiki.

Da hannuwan nan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, har da ni da aka kai mata riƙo. Mace ce mai jiki, mai murya, mai son iko. Kan matar babban mutum da kan 'yar aikinta duk ɗaya ne a wurinta, in kika motsa za ki ji mataji a ƙeya.

"Sunkuya! Yanzu kan nan naki ne ko nawa?"

Ba mai fushi, domin tsagar Goggo miƙe take sak, kuma kitsonta sai ya daɗe bai tashi ba. Mata sun yarda a mangare su a kan haka.

Gwiwoyinta sun jima suna yi mata gargaɗi, tana yi musu kunnen uwar shegu. Ranar da suka gaji, tana gidan matar wani tela da ta daɗe tana yi wa kitso. Ƙananan kitso ne, tun hantsi take zaune har rana ta yi sanyi. Ta gama, ta daki kafaɗar matar alamar ta tashi, ita ma ta yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ta dafa bango, ta kama ƙofa, a banza. Matar da ƙanwarta suka kama hannuwanta suna ja, suka kasa. Matar ta ruɗe ta ƙwala wa mijinta kira, ya shigo a guje har da baƙon da ke tare da shi. Maza biyu suka sa hannu a hammatar Goggo suka ciccibe ta kamar buhun hatsi, ɗankwalinta ya zame ya faɗi, maƙwabta na leƙe ta ƙofa.

Ba wanda ya yi dariya. Daga baya ta ce min da ma dariyar suka yi, da ta zage su ta huce. Sannun da suka yi ta jera mata ne ya kashe ta, har ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Ta dawo gida ta cilla jakar saman kabad, ba ta ƙara waiwayarta ba. Aka yi ta aike, tana cewa a ce mura take yi. Murar da ba tari ba atishawa, har makonni suka shuɗe. Likita ya ce gaɓoɓin ne suka gaji, ya ba ta magani, ya ce ta rage zaman ƙasa-ƙasa. Ta sha maganin, amma ta ƙi fita. Abin da ya tsorata ni shi ne muryarta. Matar da in ta kira ni sai maƙwabta su amsa, ta koma sai na matso nake jin abin da take faɗa. Na tabbata in ba ta koma kan kawunan mutane ba, zaman ɗakin nan zai cinye ta.

Wata rana a tashar mota na ga wani mai gyaran agogo ya tashi aiki, ya ninke kujerarsa ya rataya a kafaɗa ya tafi. Na dawo na sa Goggo a gaba da zancen kujera mai ninkewa, wadda ta fi 'yar tsuguno tsayi, wadda za ta riƙa tafiya da abarta. Ta ce ita ba gurguwa ba ce. Na ƙara. Ta ce in fita mata daga ɗaki. Na fita na dawo na ƙara, ai a hannunta na koyi naci. A ƙarshe ta yarda bisa sharaɗi biyu: kasuwar da ba a san ta ba za mu je, kuma in kama bakina.

Shagon wani dattijo muka shiga, kujeru jibge har rufi, na roba da na ƙarfe.

"Sannu da zuwa, Mama. Wa za a saya wa?"

"Wata maƙwabciyata ce, ƙafa ke damunta."

"Allah ya sawwaƙe. Tana da jiki?"

"Ina! 'Yar siririya ce, kamar wannan." Ta nuna ni.

Ya ɗauko wata 'yar mitsitsiya mai ƙafa uku da ƙyalle a sama, wadda ko ni sai na yi bisimilla sau biyu kafin in hau. Na kasa haƙuri.

"Goggo, maƙwabciyar nan fa ta yi ƙiba kwanan nan."

Ta mintsine ni a cinya har sai da na ga wuta. Dattijon bai ko murmusa ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ya dubi yadda take dafe da ƙofar shagon, ya koma ciki ya fito da wasu guda biyu. Ɗaya doguwa ce mai wurin jingina da wurin ɗora hannu. Ɗayar gajera ce mai faɗi, ƙafafun ƙarfe huɗu a gicciye, samanta katako, ta fi 'yar tsuguno tsayi da kamar taƙi ɗaya.

"Mama, ni ba na sayar da kujera sai an zauna a kai. Kamar takalmi ce, ba a auna ta da baki. Ki taimaka ki gwada mata, in ta ɗauke ki za ta ɗauki maƙwabciya."

"A nan? A bakin hanya?"

Ya ɗaga tamfol ɗin da ya raba shagon da ɗan lungun bayansa inda yake tara kwalaye, ya shigar da kujerun, ya ce bari ya leƙa wajen abokinsa ya dawo. Na ji kunyar kirkin mutumin nan, saboda ƙaryar da muka shigo masa da ita.

Goggo ta tsaya tana kallon kujerun kamar za su cije ta. Na lallashe ta, ta ƙi. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta ce in ban yi shiru ba za ta nuna min cibi. Raina ya ɓaci. Na shimfiɗa kwali a ƙasa na zauna, na cire ɗankwalina. Tun da ta ajiye aiki ba wadda ta taɓa kaina, don ban san hannun kowa ba sai nata.

"Subhanallahi! Da wannan sheƙar kike yawo a gari? Ki ce a gidana kika tashi?"

Ta tura mai ƙafa ukun da hannu ɗaya, ta ga tana rawa, ta ce wannan ta 'yan kallon ƙwallo ce, mai kitso ja take yi, kujerarta ba ta motsi. Ta juya ga doguwar, ta zauna a hankali. Sai ta dafa hannuwan kujerar ta miƙe tsaye, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Ta sake zama ta sake tashi. Fuskarta ta washe, rabon da in ga haƙoranta har na manta. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ashe ba a gama ba. Ta zaro tsinke daga tsintsiyar mai shago, ta jawo kaina. Kan ya yi mata nisa, sai ta duƙa, bayanta ya amsa. Ta so ware ƙafafu ta matse ni da gwiwa, ƙarafunan gefe suka hana. Duk ja ɗaya sai gwiwar hannunta ta bugi wurin ɗora hannun. Ta tsaga layi ɗaya, ta dube shi, ta yi tsaki.

"Ya karkace."

"To ai sai mai kai ta hau filo, ko ta zauna a kujera ita ma."

"Ke ce za ki koya min? Kai a cinya yake kwanciya, gwiwa ta riƙe shi. In wuya ba shi da wurin hutawa, kafin a yi rabi ta fara gyangyaɗi tana lilo, kitso ya fita kamar hanyar tururuwa. In yi wa mutane irin wannan, su ce tsufa ya kama hannun Goggo ma?"

Ta tashi ta koma kan gajerar. Da ƙyar ta sauka, tana cije leɓe. Amma tana zama na ji gwiwoyinta sun kama kunnuwana daidai inda suka saba, kaina ya kwanta a cinyarta. Tsinken ya bi fatar kaina tun daga goshi har ƙeya ba tare da ya tsaya ba, yatsunta suka shiga aiki. Na motsa da gangan, na ji ranƙwashi.

"Sunkuya!"

Da muryar da na sani ta faɗa, har wani ya leƙo daga shagon gefe. Ta kitse layin har ƙarshe, ta shafa shi da babban yatsa, ta daki kafaɗata. Na tashi.

Ta yunƙura, ta dawo. Ta dafa gwiwoyi ta sake, ta ɗago kaɗan ta koma da ƙarfi. Kujerar ko gezau, amma gumi ya keto wa Goggo, ta sunkuyar da kai. Sai ga takun dattijon, ya tsaya a bayan tamfol ya yi sallama.

Na ɗaura ɗankwali na rage murya. "Goggo, mu ɗauki doguwar. Ba wanda zai ƙara ɗaga ki."

Ba ta dube ni ba. Ta dubi doguwar kujerar ta daɗe, sannan ta dubi tsinken da ke hannunta. Da ta so, da ta ce masa ya ɗan jira, in ɗaga ta a ɓoye. Sai na ji ta amsa sallamar ta ce ya shigo. Ya shigo, ya ga yadda take, ya kawar da kai.

Ta miƙo min hannu.

"Kamo ni."

Na kama da hannu biyu, na tokare ƙafa na ja, ta miƙe da nishi a gaban mutumin. Ta gyara mayafi, idonta a ƙasa.

"Malam, wannan za ka ninke min. Kuma ka yafe ni, babu wata maƙwabciya."

"Allah ya sa albarka a sana'a, Mama." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ta hana ni ɗaukar kujerar, ita ta rataya abarta. Muka fito daga kasuwar tana ta goge ido da bakin mayafi tana cewa rana ce. Sai da muka kusa tasha ta riƙe hannuna, ba ta juyo ba.

"Gobe ki zagaya gidajen nan ki ce musu na dawo aiki. Ki faɗa musu kuma tun kafin in zo, in na gama sai an ɗaga ni. Ke ki faɗa, 'yar nan. Ni bakina ba zai iya ba."