Nishin Tsohon Mahauci

Maƙogwaro ba sunan yanka ba ne, sana'a ce ta raɗa masa. Mai fassarar finafinai ne, irin waɗanda ke zama gaban kwamfuta su cire maganar 'yan fim su ɗora tasu. Shi ne jarumi, shi ne matar jarumi, shi ne mugu, ko kare ya yi haushi a fim ɗin shi ne. Abin dariyar kuma, ɗan mahauci ne da ba ya iya ganin jini. Yana yaro, duk ranar da mahaifinsa ya ja shi mayanka sai an kwaso shi a sume, har tsohon ya gaji ya ce, "Je ka nemi abinci da bakinka, tunda hannunka ya ƙi wuƙa." Bakin kuwa ya ci da shi.

Shi tsohon yana da ƙa'ida a kan jini. Bai taɓa yanka dabba a gaban 'yar'uwarta ba, kuma yana gama aiki zai kwara ruwa ya wanke wurin tas. Yara in suka taru kallo sai ya daka musu tsawa, ya ce jini ba abin kallo ba ne.

Maƙogwaro ya fara da finafinan soyayya da na dambe, yana samun na rufin asiri. Sai kasuwa ta juya, kowa ya koma neman na zombi, wato matattun da ke tashi suna jan ƙafa, suna yagar masu rai da haƙora. Ranar da maigidansa ya ba shi na farko, a bokiti ya ƙarasa aikin, yana yi yana amai. Mai kallo sau ɗaya yake ganin an farke ciki, in ya so ma ya kau da kai. Mai fassara ba shi da wannan gatan. Sai ya mayar baya, ya rage gudu, ya tsayar da hoton daidai inda hanji ya zubo, don maganarsa ta dace da motsin baki. Don ya iya jurewa sai ya fara sa barkwanci. Matacce na wawurar cikin mutum, shi kuma yana cewa, "Haba malam, a rage wa na baya hanta mana!" Mutane suka yi ta dariya, sunansa ya zaga gari.

A kwana a tashi, aman ya tafi. Ya kai ga yana cin abincin rana a gaban hoton kan da aka fasa, har da suɗe yatsa. Yana alfahari wai ya warke daga ragwancin yarinta. Ni dai ban kira wannan warkewa ba. Kanta ce, kuma hannun da ya yi kanta, yadda ba ya jin ƙaya haka ba ya jin laushi.

Ɗakin aikinsa tsohon ɗakin ajiya ne a ƙuryar gida, ya manna kwalayen ƙwai a bango don su tare ƙara. Matarsa tela ce, tana wuni a shago, don haka 'yarsu ƙarama a cinyarsa take wuni. Kakanta ne ya sa mata Tsuntsuwa, saboda cin ta kaɗan, surutu da yawa.

"Baban Tsuntsuwa, don Allah ka daina zaunar da yarinyar nan gaban ƙazantar nan," in ji matar, ba sau ɗaya ba.

"Fenti ne fa da roba. Ta san wasa ne. Kin taɓa jin ta yi kuka?"

Ba ta taɓa yi ba kuwa. Ido kawai take zubawa, babban yatsa a baki. Shi ya ɗauka shirun nan jarumta ce, har da ta daina cin nama ma bai gano dalili ba, ya ce iyayi ne irin na yara.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a sana'ar. In aka cire muryoyin asali, gurnanin matattun ma yakan tafi, dole shi zai yi nasa. Duk yadda ya matse wuya, abin da ke fita sai ka ce bunsuru ya ƙoshi. Maigidansa kullum cikin ƙorafi, wai matattunsa ba sa ba da tsoro. Wannan ya tsaya masa a rai shekara da shekaru.

Ana cikin haka ɓarin jikin tsohon ya shanye, aka dawo da shi gidan ɗansa. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, ƙafa sai ja. Magana ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage masa wani dogon nishi ne daga can cikin ƙirji, da shi yake kira in yana son ruwa ko a juya shi. Mutumin da yake kayar da sa shi kaɗai ya koma sai an goge masa yawu, kuma baƙin cikin hakan ya sa ya ƙi abinci daga hannun kowa. Tsuntsuwa kaɗai yake buɗe wa baki. Takan hau gefen gadon da ƙaramin kofinta na silba, ta ba shi da cokali, tana yi masa faɗa kamar uwarsa, shi kuma yana murmushi da rabin fuskar da ta rage. Kowa a gidan ya san yarinyar nan ce ke riƙe da shi.

Wata rana da tsakar rana Maƙogwaro ya shiga juya shi, tsohon ya saki nishin nan. Kunnen sana'a ya riga zuciyar ɗa ji. Wannan ce muryar da yake nema! Ya zaro waya ya danna ɗauka. Da ya ga nishin ya yi gajarta, sai ya ja da baya ya tsaya, bai juya shi ba, ya bar shi kwance a kan ɓarin da ke ciwo har ya yi mai tsawo, ya sake yi. Tsohon yana kallonsa da idon da ke buɗe. Sannan ya sa wayar a aljihu, ya juya shi, ya gyara masa matashi. Ko a jikinsa, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni takaici a labarin.

Ya ɗora nishin a bakin matattun sabon fim. Maigidansa da ya ji sai da tsigar jikinsa ta tashi, ya ce, "Yau ka cika Maƙogwaro!" Kafin mako ya zagayo fim ɗin ya shiga wayoyin gari.

Maƙogwaro na sake duba aikin a ɗakinsa, Tsuntsuwa na cinyarsa. A allon, wani matacce mai karkataccen baki ya jawo ƙafa, ya miƙa hannu ga wata yarinya, ya yi nishi. Ya ji jikin 'yarsa ya sandare.

"Baba, Kaka ne."

"Ke, kunnenki ne," ya ce yana dariya.

Ta zame daga cinyarsa ta fita. Ranar ba ta kai wa Kaka abinci ba, washegari ma haka. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ko ƙofar ɗakin ta ƙi bi. Da tsohon ya gaji da jira, sai ya dafa bango ya fito tsakar gida da yamma, abin da bai taɓa iyawa ba tun da ya kwanta. Ya jawo ƙafa, ya miƙa mata hannu mai lafiyar, ya kira ta da muryar da ta rage masa.

Ta ƙwalla ƙara. "Zai cinye ni! Mama, zai cinye ni!" Ta ga yadda ake yi a fim, a ka ake dukan matattun. Ta jefa masa kofin silbar da duk ƙarfinta, ya same shi a goshi, jini ya gangaro har gemu.

Maƙogwaro na tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Abin da ya zo masa a rai shi ne, ashe jinin gaske ya fi na fim duhu. Sai da matarsa ta ture shi, ta ce, "Ubanka ne fa! Tsayawa ka yi kallo?" sannan ya motsa. Daren ranar ya faɗa mata abin da ya yi. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Allah ya shirye ka," ta kwashe yarinyar suka koma ɗayan ɗakin.

Shi ma tsohon bai daɗe bai sani ba. Akwai mai gyaran babur a bayan tagarsa da ke kunna fim a lasifika yana aiki. Tsohon na kwance ya ji muryarsa tana shigowa daga titi, samari na shewa suna kwaikwayo. Daga ranar ya haɗiye nishinsa. Ko ƙishi ko ciwo, ba ya kira. Tunda ba ya kira, ba a san lokacin juya shi ba, bayansa ya yi gyambo. Maƙogwaro ya goge muryar daga wayarsa da kwamfutarsa, ya durƙusa gaban gadon ya ce, "Baba, ka yafe mini." Tsohon ya juya ido ga ƙofa, inda yarinyar ta saba leƙowa. Maƙogwaro ya je ya ɗauko ta a kafaɗa yana cewa, "Kakanki ne, mutum ne, ba ya cizo," ta riƙe ƙyauren ɗakin da hannu biyu tana ihu har ya sauke ta. Wata safiya aka kai wa tsohon ruwa aka tarar ya cika, ba wanda ya ji komai.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mutane suka cika ƙofar gida suna ta'aziyya. Tsuntsuwa ta fito a hankali ta zauna jikin babanta, karon farko tun ranar kofin. Ta raɗa masa, "An rufe shi sosai?" Ya ce an rufe. Ta sauke ajiyar zuciya ta kwantar da kai a hannunsa.

Ana tsakiyar addu'a wayar wani baƙo ta yi ƙara a aljihu. Bawan Allah bai san komai ba, sautin da ake yayi ne ya sa a matsayin kiran waya. Nishin tsohon ya tashi a tsakiyar jama'a, dogo, irin na ranar da aka ƙi juya shi.

"Ya tashi! Baba, ya tashi!"

Maƙogwaro ya rungume ta, yana jin zuciyarta na dukan ƙirjinsa. Ya buɗe baki zai lallashe ta. Duk muryoyin da yake da su, ta jarumi da ta mugu da ta barkwanci, ya lalubo ya rasa wadda za ta yarda da ita.