Mutumin da Ya Karanta Takardar Ƙulina

Ranar Laraba da hantsi ina tsugune ina murza ƙuli, maƙwabciyata Malama Binta ta yi sallama ta ce, "Iya Talatu, sai haƙuri. Dokta Lawan ya rasu da asuba." Na yi salati. Hannuna duk mai na shiga ɗaki, na ɗaga kwalla na ga takardata tana nan, sannan na zauna na yi kuka. Allah ya yafe mini, takardar na fara dubawa. Shi ma da yana nan cewa zai yi na yi daidai.

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Malama Binta ce ke rubutawa. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara, a karanta ranar sadakar bakwai, don akwai wanda nake so ya ji a gaban mutane.

Mijina marigayi ya yi aiki a wani kamfanin sabulu a Kano, ya saya mini hannun jari da sunana, ya ba ni takarda ya ce in ɓoye. Duk shekara sai wani littafi mai kauri ya iso mini ƙauyenmu Indabo. Takardarsa mai kyau, ba ta shan mai. Da ita nake naɗe wa mutane ƙuli a kasuwar Wudil. Wata Juma'a wani dogon mutum mai tabarau, malami a jami'a, ya sayi ƙuli. Maimakon ya tafi sai ya tsaya yana karanta abin da na naɗe masa.

Ya ce, "Iya, ina kika samo wannan?"

Na ce nawa ne, aiko mini ake yi.

Ya ce, "Kina da kaso a kamfani, kina naɗe ƙuli da rahotonsa? Ina shafin riba?"

Na ce wata mata ta tafi da shi garin Achika tun da safe. Ya yi mini faɗa a tsakiyar kasuwa kamar yarinya. Dokta ba shi da laushin baki, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba.

Daga nan duk shekara nake kai masa littafin. Ya shimfiɗa mini tabarma a soro, ya karanta, ya mayar mini da Hausa: ga abin da suka sayar, ga abin da suka kashe, ga abin da ya rage, ga rabona. Shi ya bi mini har ribar da ta maƙale ta fito. Yakan ce, "Farashin yau surutun mutane ne, Iya. Ni abin da suka sayar nake tambaya." Kuma ni yake tambaya. Sabulun ya ƙanƙance? Mata na saye ko sun koma wani? Motar kamfanin na sauke kaya? In na faɗa sai ya duba littafi ya ce, "Idonki da lissafinsu sun yi daidai." Ni da ko a gida ba a neman shawarata.

Shekarar da farashin hannun jarin ya faɗi, Ɗanlami, ɗan ƙanin mijina, ya zo mini da wani dillali daga Kano. Ya ce, "Inna, kamfanin ya mutu. Ki dangwala yatsa nan a ba ki abin buhun gyaɗa, kafin takardar ta zama shara." Na ce sai Dokta ya gani. Dokta ya karanta, ya cire tabarau, ya dubi Ɗanlami ya ce, "In ya mutu, me abokinka zai yi da gawa?" Ni kuma ya ce mini, "Faɗuwar kasuwa ce, ba ta kamfani ba. Ki riƙe. Kuma daga yau kada ki sa yatsa a takarda sai mutum biyu da ba sa cin tuwo tare sun karanta miki." Na riƙe. Da ribar nake sayen maganin hawan jini har yau.

To, Ɗanlami, da kai nake. An ce mini ka zauna a tabarmar gaba wurin gaisuwa, kana cewa an yi rashin mutumin kirki. Kai da ka ce masa ɗan shisshigi. Ba a yi sadakar uku ba ka shigo mini ɗaki da tawada a aljihu, ka ce, "Inna, mai karanta miki ya tafi." Ni na goya ka lokacin da uwarka ke jinya. Kunya ba ta kama ka ba, kuma ban yafe wannan maganar ba.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Yanzu in an ce mini farashi ya hau ko ya faɗi, ban san gaskiya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da zan kwanta ciwo, wani ya ɗaga mini hannu ya dangwala. Don haka jama'a ku zama shaida: ban sayar ba, ban ba kowa izini ba. Motar sabulu ta sauke kaya Juma'ar da ta wuce, da idona na gani.

Ya Allah ka jiƙan Dokta Lawan, ka haskaka kabarinsa, ka yafe masa zafin bakinsa saboda gaskiyar da ke ciki. Ka sa littafinsa ya zo masa ta hannun dama. Ka ba matarsa Hajiya da yara haƙuri, ka tsare su daga masu zuwa da tawada a aljihu.

Malama Binta ta gama karanta mini. Na aika a kira liman, shi ma ya karanta mini daga farko. In bakinsu ya zo ɗaya, zan sa yatsana a ƙasa.