Gurbi Huɗu

Makon jiya na je wani ofis neman takarda. Matar da ke bayan tebur ta danna, ta danna, ta ɗago kai ta ce mini ba na cikin ordinatar, wato kwamfuta. Na ce mata ga ni tsaye a gabanki, da hulata da sandata. Ta ce ita dai abin da inji ya faɗa shi ta sani. Na buɗe baki zan yi mata tijara irin wadda aka san ni da ita, sai na ji bakin ya mutu. Na taɓa jin wannan magana daga bakin da ya fi nata ƙarfi, kuma a lokacin ni ne mai injin.

Kusan shekara arba'in na yi ina rubuta wa inji umarni. Yaran da suka gaje mu suna cewa na cika mita, kuma ban musa ba. Su ne ke sakin aiki ɗanye su ce za a gyara daga baya, kamar mai tuwon da ta kwashe shi bai nuna ba ta ce ya ƙarasa a ciki. Su yi taron awa uku a kan launin maɓalli, amma a tambaye su me zai faru in lamba ta fi gurbinta girma, sai kallon kallo. Nakan yi musu faɗa har jijiyar wuyana ta tashi. Suna tsammani tsufa ne ke damuna. Tsoro ne, kuma na san ranar da ya shige ni.

A lokacin da na fara aiki a Yamai, injin cika ɗaki guda yake yi. An sa masa kilimatiza biyu masu hura sanyi don kada zafi ya taɓa shi, mu kuwa albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ba ma taɓa shi da hannu. Ni nakan rubuta umarni da fensir a takarda mai gidaje, in miƙa wa masu huda kati. Kowane layi kati guda, kowane kati gurbi tamanin, kowane gurbi harafi ɗaya ko lamba ɗaya. Shugabar masu hudar wata mata ce daga wajen Tawa, ta girme ni da kusan shekara goma, ina ce mata Yaya. Ba ta yi karatun inji ba, amma ta huda layukanmu har ta fi wasunmu gane su.

Ƙwaƙwalwar wannan ƙaton inji ba ta kai ta wayar da ake ba yara su yi wasa yanzu ba. Saboda haka abin da aka fara koya mana shi ne rowa. Rowar gurbi. Wanda ya ba lamba gurbi shida alhali huɗu sun isa, almubazzari ne, dariya ake yi masa. Ni kuwa na yi suna a wannan fanni, har nakan bi aikin abokai ina aske musu gurabe ina jin daɗi. Da aka ba ni rubuta tsarin rabon cimaka, wanda ke tara buƙatar ƙauyuka ya fitar da jimlar buhunan da kowane yanki zai samu a wata, sai na ba jimlar gurbi huɗu. Shekarar damina ce mai kyau. Wane yanki ne zai nemi buhu dubu goma a wata guda? Akwai wani layi da ake ƙarawa don inji ya yi ƙara in lamba ta fi wurinta. Kati ɗaya ne tak. Na ce ɓarna ce, na bar shi.

Shekaru suka wuce, fari ya dawo, ya fi na baya muni. A kasuwar Petit Marché sai ka ga tebura rabi fanko, naman da ke rataye kuma na shanun da aka yanka ne kafin su faɗi da kansu. Mutanen arewa suka fara sauka a gefen unguwar Lazaret, su kafa ƙyallaye a kan itace su zauna, ba sa ko roƙo. Da safe in na taso daga unguwarmu Kalley a kan ɗan babur ɗina mobilet, nakan ga an ƙaru.

Soja ne ke mulki, kuma kowa ya san da sunan hatsi suka karɓi ƙasar, don sun ce na gabansu sun ci abincin mayunwata. Saboda haka maganar buhu ba maganar wasa ba ce. A kan buhu goma ana iya ɗauke mutum daga ofis, hularsa na kan tebur, ba mai tambayar inda aka kai shi. A wurin shan shayi ma in hira ta karkata wajen gwamnati, sai wani ya ce kai, yau akwai zafi, kowa ya gane.

Aka turo mana wani kapiten ya tsaya a kan rabon. Dogo ne, mai sanyin murya, ban taɓa jin ya ɗaga ta ba, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro. Yana ƙaunar injin nan fiye da mu da ke yi masa bauta. Yakan tsaya a gaban na'urar bugawa yana kallon doguwar takarda mai ratsin kore tana fitowa, hannunsa a baya. Mushe yake kirana, wato malam a Faransanci. Wata rana ya ce mini, "Mushe, ka san abin da ya sa nake son abin nan? Ba shi da ƙane, ba shi da suruki. Ba ya ƙarya." Na ce haka ne, mon kapiten. Har na ji kaina ya yi girma.

A wata na biyu na rabon, wani sufurefe, wato mai riƙe da wani yanki can arewacin Tawa, ya fara aiko da waya, wato talgiram. Kullum magana ɗaya: abin da aka kawo masa bai kai ko cikin cokali ba, mutane suna barin garuruwa. Kapiten yakan karanta, ya dubi takarda mai ratsin kore, ya ajiye wayar a ƙarƙashin wani dutse da ke kan teburinsa. Ya ce mutumin nan ko dai ɓarawo ne ko rago, kuma zai gano wanne ne.

Ran nan da tsakar rana, an tashi hutun azahar, kowa ya watse, Yaya ta tsaya a ƙofar ofishina da mayafinta a kafaɗa.

Ta ce, "Malam, in tambaye ka wani abu?"

Na ce, "Bismilla, Yaya."

"Dangin innata sun sauka Lazaret shekaranjiya. Daga yankin mutumen ga mai aiko waya sunka hito. Sun ce motar kamiyo guda ta hatsi anka kai musu, wata biyu jere." Ta dubi yatsunta. "Ni na huda katunan garuruwan nan da hannuna. Akwati guda cur. Sai da yatsuna sunka yi tsami. Mi ya sa akwati guda zai haihi kamiyo guda?"

Na ce mata zan duba. Na faɗa ne da irin muryar da ake sallamar mutum, don raina ya ɗan sosu, mai huda kati tana tuhumar aikina. Amma ruwa ba ya tsami banza. Da ta fita ban tafi gida ba. Na ɗauko takardun yankin, na zauna da fensir ina tarawa ƙauye bayan ƙauye, kamar ɗan lakwal a aji. Ban kai ƙarshe ba na san abin da zan tarar. Jimlar ta haura dubu goma da ɗari uku da wani abu. Lamba biyar ke nan, gurbi kuma huɗu. Injin ya yar da ta farko, ya buga ɗari uku da 'yan kai, bai ce uffan ba, don ban ba shi bakin magana ba. Yankin da ya fi kowa yunwa shi ya fito a takarda kamar wanda ya fi kowa ƙoshi.

A ɗakin nan mai sanyi zufa ta jiƙa mini riga. Na sake tarawa sau biyu, ina roƙon Allah ya sa ni ne na yi kuskure yanzu. Ban yi ba. Wata biyu. Na tuna ƙyallayen Lazaret.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Layi ɗaya na sake, huɗu ta koma shida, na ƙara layin ƙarar da na yi wa rowa. Da aka dawo aiki na miƙa wa Yaya takardar. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta sake karantawa. Ba ta ba kowa cikin yaranta ba, da kanta ta huda katunan biyu ta kawo mini.

Abin da ya rage shi ne kapiten. Sabuwar takarda za ta fito da lambar gaskiya, kuma shi ba ya jefar da tsohuwa. Na yi ta shirya magana a raina. Zan ce kuskurena ne, na shekarun baya, ba da nufi ba. Sai in ji yadda za ta faɗa a kunnen soja: ma'aikaci ya hana yanki guda abinci wata biyu. Akwai sunan da suke ba irin wannan, zagon ƙasa, kuma ba a zuwa kotu a kansa. Matata na da ciki wata bakwai a lokacin. Ba don in wanke kaina na faɗi haka ba, na faɗa ne don shi ke cikin kaina.

Washegari kapiten ya sa aka kira ni. Ya shimfiɗa takardun biyu gefe da gefe, ya ɗora yatsa ɗaya a kan kowace.

Ya ce, "Mushe, inji ɗaya, yanki ɗaya, lamba biyu. Wacce ce ƙarya?"

Na ji bakina yana magana tun kafin in ba shi izini. Na ce, "Babu ƙarya, mon kapiten. Inji abin da aka ba shi yake tarawa. Takardun yawancin ƙauyukan ne ba su iso da wuri ba, sai yanzu suka cika."

Sannan ya yi murmushi, ya ɗaga dutsen nan, ya zaro wayoyin sufurefen ya jera su.

"Ashe rago ne," in ji shi. "Ya kwana a kan takardu, mutane na mutuwa, yana damuna da waya."

Kafin la'asar ya ba da umarni. Washegari na ga kamiyoyi a jere sun nufi hanyar Tawa, an lafta musu jar dawa. Na tsaya a bakin titi ina ƙirga su, ina ce wa kaina ai ga shi abinci ya tafi, wannan shi ne muhimmi. Na ce ƙila a yi wa mutumin faɗa kawai, ko a canza masa wurin aiki. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma na karɓa hannu biyu.

Bayan kwana takwas, da hantsi, ƙofar ɗakin inji ta buɗe. Kapiten ne a gaba, zandarma biyu a baya, a tsakaninsu wani dattijo siriri, rigarsa duk ƙurar hanya, an ɗaure masa hannuwa ta gaba. Ba a gaya mini ko wane ne ba, kuma ban buƙaci a gaya mini ba: sufurefen ne. Kapiten ya so ya nuna masa abin da ya kama shi. Ya nuna injin da haɓa ya ce, "Ga shi nan. Wannan ba a ba shi goro."

Dattijon ya dubi akwatunan ƙarfen da fitilunsu, kamar mai duban kabari. Sannan ya juyo gare ni, don ni ne ke tsaye kusa da su da farar riga.

Ya ce, "Ɗana, kai ne mai kula da shi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To alhamdulillahi. An ce mini ba ya ƙarya. Don Allah ka tambaye shi ranar da takarduna sunka iso. Ni da kaina na kawo su, tun kahin a fara rabo. Ka tambaye shi, shi zai hidda ni."

A bayan gilashi na ji na'urar hudar Yaya ta tsaya. Sauran ma suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, sai ƙugin kilimatiza. Kapiten ya zuba mini ido, ba da tuhuma ba, jira kawai yake yi.

Na ce, "Ba ya riƙe kwanan wata, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi gardama ba, bai zage ni ba. Ya ce, "To. Na gode, ɗana." Zandarma suka juya shi suka fita.

An ce arewa aka kai shi, wani kaso, wato gidan yari, da ke cikin hamada. Ban ji ya dawo ba, ban kuma bincika ba, don ina tsoron amsar. Yaya ta ci gaba da huda mini katuna har ranar da aka daina amfani da kati, amma ba ta ƙara tsayawa a ƙofata ba. In na gaishe ta takan amsa, idonta a kan aikinta.

A ƙarshen shekarar kapiten ya rubuta takardar yabo a kaina, ya ce aikina ne ya tona asirin mai sakaci. Aka ƙara mini girma, aka ba ni ofis mai taga.